Ruwa Ba Ya Sallama, Amma Ana Iya Hango Shi

A watan Yuli na 2012 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jos, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya afka wa unguwannin Rikkos da Gangare. Mutum fiye da 30 suka rasu, gidaje wajen 200 suka lalace. 'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anaca da yawa sun kwana suna cigiyar iyalansu.

Abin takaici shi ne, a cikin Jos ɗin nan Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar nazarin hotunan ƙasa daga sararin sama. Nijeriya ta harba kumbonta na farko a 2003, ta ƙara biyu a 2011, amma idanunsu irin na kyamara ne. Da hadari ya rufe sama sai su makance, alhali kuwa a damina ake bukatarsu.

Maganin wannan shi ne rada, na'urar da ke aika sigina ƙasa ta kuma karɓi amsa, dare da rana, ko da gajimare ya yi kauri. Shimfiɗaɗɗen ruwa yakan fito baƙi a hotonta, don haka ana gane inda kogi ya ci gaɓa. A Kanada, inda koguna ke daskarewa, da ita ake duban ƙanƙarar da ke toshe ruwa idan sanyi ya fara sauka, a gargaɗi garuruwa tun da wuri. Tun 2014 Tarayyar Turai ke da irin wannan kumbo, Sentinel-1, kuma kyauta take ba da hotunansa.

Masu cewa kumbon sai bayan kwanaki yake sake bi ta wuri ɗaya, ruwan Jos kuwa dare ɗaya yake ɓarna, sun faɗi gaskiya. Amma cikar madatsa da ta kududdufan kuza a hankali take zuwa, hoto kuwa yana nuna ta. In an haɗa shi da awon ruwan sama, hukuma ba ta da hujjar cewa ba ta sani ba.

Kada mazauna Kurmi su ɗauka zancen na tudu ne kawai. Kogin Kaduna da na Gongola daga tsaunukan Filato suke tasowa, ruwansu ya haɗu a Lokoja, ya gangara Anaca. A 2012 da 2022 ambaliya ta yanke hanyar Lokoja, motocin shanu da na dankali suka yi kwanaki a tsaye, fatake suka tafka asara.

Saboda haka wajibi ne sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kudu su matsa wa wakilansu na majalisa lamba: a ba cibiyar Jos kuɗi da ƙwararru, a kuma riƙa sanar da gargaɗi da Hausa a rediyo, ya kai ga masu unguwanni kafin ruwa ya kai. Hoton da ya kwana a durowar ofis bai ceci kowa ba. Rigakafi dai ya fi magani.