Tsaron Rabi-da-rabi Ba Ya Raya Teku: Darasi Daga Tsibiran Poor Knights

Sanin kowa ne cewa idan aka sare daji, ko mai wucewa a mota zai hangi kututture ya san an yi ɓarna. Amma teku ba haka yake ba. Ko da an kwashe manyan kifayen da ke cikinsa kakaf, fuskarsa tana nan shuɗiya kamar jiya, babu alamar da za ta nuna wa na tudu cewa an yi asara. Wannan ne ya sa yake da sauƙi ga hukumomi su shata wani yanki na teku a kan taswira, su kira shi keɓaɓɓen wuri, sa'annan su bar ƙofa a buɗe don a riƙa kamun kifi kaɗan-kaɗan. Abin da ya faru a tsibiran Poor Knights na ƙasar Niyu Zilan ya nuna cewa irin wannan tsaro na rabi-da-rabi ba ya haifar da ɗa mai ido, kuma ba a gane haka ba sai da aka sami masu nutsewa ƙarƙashin ruwa suna ƙirga abin da ke can.

Inda tsibiran suke

Tsibiran suna cikin tekun Fasifik, kimanin kilomita 23 daga gaɓar arewa maso gabashin Niyu Zilan, daura da wani ɗan ƙaramin garin bakin ruwa mai suna Tutukaka. Manya daga cikinsu guda biyu ne, wato Tawhiti Rahi da Aorangi, kuma dukkansu ragowar tsohon dutse ne mai aman wuta wanda ruwa ya sassaƙe cikin miliyoyin shekaru. Matuƙin jirgin ruwan nan na Ingila, Kyaftin James Cook, shi ne ya laƙaba musu sunan Turanci a shekarar 1769. Al'ummar Mawori sun zauna a kansu har zuwa wajen shekarun 1820, daga nan kuma suka zama kufai, kuma a yau ba a yarda kowa ya taka ƙasarsu ba sai da izini na musamman.

Abin da ya bambanta su da gaɓar da ke kusa shi ne wata kwarara ta ruwan ɗumi. Ruwan yana tasowa ne daga yankin zafi, ya gangaro ta gabashin Ostiraliya, wani reshensa ya karkata gabas ya ƙetare tekun Tasman, sa'annan ya biyo ta gefen tsibiran. Saboda haka wurin ya zama mahaɗa: ba shi da zafin da zai raya tudun murjani irin na yankin ikwaita, ba shi kuma da sanyin kudancin ƙasar. Irin wannan yanki shi ne masana suke kira tsaka-tsaki tsakanin zafi da sanyi. Ruwan ɗumin yakan ɗauko ƙwai da 'ya'yan kifayen yankin zafi ya kawo su nan, inda suke zama kafaɗa da kafaɗa da kifayen ruwan sanyi. An ƙidaya fiye da nau'in kifi 120 a kewayen tsibiran.

Abin da mai nutso yake fuskanta

Kafin a yi maganar abin da ake gani, ya kamata mai karatu ya san wahalar ganin. Na'urar da ta ba ɗan Adam damar yawo a ƙarƙashin ruwa yana numfashi ba tare da igiya ta haɗa shi da jirgi ba, wasu Faransawa biyu ne, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera ta a shekarar 1943. Tukunya ce ta ƙarfe da ake goyawa a baya, cike da iska da aka danne. Mutane da yawa suna zaton zallar oksijin ce a ciki, alhali kuwa yawanci iska ce irin wadda kowa yake shaƙa, wato kashi 21 cikin 100 oksijin, kashi 78 kuma naitirojin.

Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kan jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin dukkan iskar da ke sararin sama. Ke nan a zurfin mita 30 matsin ya ninka na tudu sau 4, kuma iskar tukunya tana ƙarewa da saurin da ya ninka sau 4. Haka kuma wannan matsi yana tura naitirojin ya narke cikin jini da tsoka. Idan mai nutso ya taso da gaggawa, naitirojin ɗin yakan yi kumfa a cikin jiki, kamar yadda kwalbar lemo take tumfayi in an buɗe ta farat ɗaya, abin da kan jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma mutuwa. Don haka ake tasowa a hankali, a kuma dakata na minti 3 a zurfin mita 5. Masu nutso don nishaɗi ba sa wuce mita 40.

A Poor Knights wannan ƙa'ida tana da muhimmanci ƙwarai, domin bangayen dutsen a wasu wurare suna gangarawa tsaye har kusan mita 100 kafin su kai yashi, kuma ruwa mai haske yakan ruɗi mutum ya yi ta gangarawa bai sani ba. Zafin ruwan yana kaiwa kimanin digiri 22 a ma'aunin santigireti a watannin Fabrairu da Maris, ya sauko zuwa wajen digiri 14 ko 15 a Agusta da Satumba, domin lokutan shekara a kudancin duniya kishiyar na arewa ne. Tun da yake ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba, dole ne a sa rigar roba mai kauri. A lokacin sanyi ido yakan kai mita 30 a cikin ruwa, amma daga wajen Satumba, sa'ad da ƙananan halittun da ke yawo a ruwa suka hayayyafa, ruwan yakan yi kore, gani ya ragu matuƙa. Wannan dusashewa ba ƙazanta ba ce, abincin da ke ciyar da dukkan halittun wurin ne.

Wanda ya jure wa waɗannan zai tarar da dajin wata doguwar ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira kelf, tana lilo a kan duwatsu. Can ƙasa, inda haske ya ragu, bangaye sun lulluɓe da soson teku da sauran halittu masu manne wa dutse. Launin ja yakan ɓace tun daga 'yan mitocin farko, sai an haska tocila sa'annan a ga ainihin kalarsu. A cikin ƙofofin dutse da ruwa ya huda, dubban shuɗɗan kifayen da ake kira mawomawo sukan taru su yi cincirindo, kuma a lokacin zafi wasu kifaye masu faɗi kamar faifai, masu ƙari a wutsiya, sukan yi dandazo. Akwai kuma kogon Rikoriko, mai tsawon kimanin mita 130, wanda yake cikin manyan kogunan dutse na bakin teku a duniya.

Shekaru 17 na tsaron rabi-da-rabi

A shekarar 1981 gwamnati ta ayyana ruwan da ke kewaye da tsibiran, har zuwa mita 800 daga gaɓa, a matsayin keɓaɓɓen wuri. Shi ne na biyu a ƙasar, bayan na Leigh da aka kafa a 1975. Sai dai an yi sassauci. An hana masu kamun kifi na kasuwanci, amma an bar masu kamu don nishaɗi su ci gaba a mafi yawan wurin, bisa sharaɗin amfani da wasu hanyoyi ƙayyadaddu. In ban da wasu ƙananan yankuna biyu, babu inda aka rufe gaba ɗaya. A lokacin an ɗauka cewa an yi adalci ga kowa.

A watan Oktoba na 1998 aka rufe wurin baki ɗaya, ba a ɗaukar ko da tsinke. Masana daga Jami'ar Auckland suka bi diddigin wani kifi mai daraja da Mawori suke kira tamure, Turawa kuma sinafa, ta hanyar nutso da kuma saukar da kyamara mai ɗauke da abinci. Cikin shekaru 4 kacal, yawan manyan wannan kifi ya ninka fiye da sau 7. Masu iya magana suna cewa gani ya kori ji. Da a ce tsaron farko ya yi aiki, da babu giɓin da kifin zai cike da irin wannan sauri. Wani ƙarin shaida kuma shi ne Mimiwhangata, wani yanki na gaɓar da ke kusa wanda a lokacin yake kan tsarin rabi-da-rabi: binciken da aka yi a can bai ga bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin yawan sinafa a cikinsa da kuma wuraren da ba a tsare ba sam.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai ƙugiya ɗaya ba ya kama da yawa, amma babban kifi yake nema, kuma masu ƙugiya ɗari a kowane mako sun isa su tsince manya ɗaya bayan ɗaya. Manyan kuwa su ne suka fi zuba ƙwai, su ne kuma suke da ƙarfin haƙorin fasa halittu masu ƙaya da ke cinye ciyawar teku.

Hujjar masu kamun kifi

Ba daidai ba ne a yi watsi da ƙorafin waɗanda aka hana. Suna cewa abin da suke kamawa bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da na manyan jirage, kuma rufe wuri ɗaya yana tura jama'a ne su yi cunkoso a wani. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma rufewar da aka yi ba tare da an zauna da mutanen wuri ba takan zama doka a takarda kawai. Amma fa ɗamarar mita 800 ɗigo ce a cikin teku, kuma abin da aka tsare ba ya tsayawa a cikin iyaka. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya yi amfani da gwajin ƙwayoyin gado, ya gano cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na 'ya'yan sinafa da ke ruwan da ya kewaye keɓaɓɓen wurin Leigh, har zuwa nisan kilomita 40, iyayensu suna cikin wurin da aka rufe ne. Ke nan wurin da aka rufe tamkar rumbun iri ne, wanda manomi ba ya taɓawa ko da yunwa ta matsa. Bugu da ƙari, kifi mai rai yana kawo kuɗi sau da yawa, domin jiragen da ke kai masu nutso daga Tutukaka suna nuna wa baƙi kifi ɗaya shekara da shekaru, alhali kifin da aka soya sau ɗaya ake cin sa.

Rufewa kaɗai ba ta isa ba

To, amma duk wanda ya ce da an rufe an gama, ya yi kuskure. Akwai wata halitta mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe, wadda za a iya kira bushiyar teku, mai son ruwan ɗumi. Da rana tana ɓuya a cikin tsagar dutse, da dare ta fito ta yi kiwo, kuma idan ta yi yawa takan kankare dutse ya zama fili fetal, babu ciyawa babu soso. Sinafa ba ya iya mata kamar yadda yake iya wa 'yar'uwarta mai gajerun ƙayoyi. Binciken Jami'ar Auckland da aka buga a 2023 ya nuna cewa tsakanin 1999 da 2022 yawanta a Poor Knights ya ninka kusan sau 9, a daidai lokacin da ruwan yankin yake ƙara ɗumi. Iyakar da aka shata a taswira tana iya tare jirgin masunci, amma ba ta tare ɗumamar teku.

Wasu za su ce wannan ya nuna rufewar ba ta da amfani. Akasin haka ne. Da yake babu kamun kifi a wurin, masana sun iya ware illar ɗumama daga illar ƙugiya, abin da yake da wuya a yi a ruwan da kowa yake tsoma hannu. Ɗalibin kimiyya ya san cewa gwaji ba ya inganta sai da abin kwatance wanda ba a taɓa ba. Kuma ba a gano matsalar ba sai don an riƙa komawa wurare guda ana ƙirge na tsawon fiye da shekaru 20. A kan wannan ƙirge ne hukumar kula da muhalli ta ƙasar, tare da Mawori masu alaƙa da tsibiran da kuma masana, suka tura masu nutso a 2025 suka rage bushiyoyin fiye da 100,000 da hannu a wasu zaɓaɓɓun wurare.

Kammalawa

A watan Disamba na 2022, ƙasashen duniya suka amince a birnin Montreal cewa za su tsare kashi 30 cikin 100 na tudu da teku kafin shekarar 2030. Hanya mafi sauƙi ta cika wannan alkawari ita ce a shata manyan yankuna, a bar kamu ya ci gaba a cikinsu, a kuma rubuta adadin a rahoto. Poor Knights ta gwada wannan hanya na shekaru 17, sakamakon kuwa yana nan a rubuce. Saboda haka duk lokacin da malami ko ɗalibi ya ji an ce an keɓe wani yanki na ruwa, ya kamata ya yi tambaya biyu: shin an hana ɗaukar kome a cikinsa, ko kuwa an rage ne kawai? Sa'annan wane ne yake shiga yana ƙirgawa, kuma sau nawa a shekara? Wurin da ba shi da amsa mai gamsarwa ga waɗannan tambayoyi biyu, sunan tsaro kawai yake ɗauke da shi, kifayensa kuwa suna nan suna ƙarewa a inda ido ba ya kaiwa.