WA YA CE MUKU AMURKA TA SALLAMI ADDINI DAGA DOKA?

Jiya wani bawan Allah ya rubuto a ƙarƙashin rubutuna cewa wai Turawa sun ci gaba ne saboda sun kori addini daga dokokinsu, mu kuma muna nan muna fasa kwalaben giya. Na so in wuce abina, amma maganar ta yi yawa a bakin mutane, har ta zama kamar karatun haddar da ba a san fassararsa ba. To bari in faɗi abin da na gani da idona.

Lokacin da nake karatu a jihar Indiyana ta Amurka, na yi aikin karɓar kuɗi a wani babban kanti. Ranar Lahadin farko da na kama aiki, wani dattijo ya turo kekensa da burodi da madara da katan ɗin giya. Na ɗora giyar a na'ura, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Sai matar da ke koya mini aiki ta matso ta ce, "Yau Lahadi ce." Dattijon ya dafa goshi kamar wanda ya manta alwala, ya bar katan ɗin ya wuce. Ni Bahaushe Musulmi, ga ni a tsakiyar Amurka ina hana Bature giya da umarnin gwamnatinsa. Wallahi sai da na yi dariya a raina.

Wannan doka ba ta faɗi a Indiyana ba sai a 2018. Ranar 4 ga Maris na shekarar ne aka fara sayar da giyar tafiya gida ranar Lahadi, kuma ko a nan daga sha biyun rana zuwa takwas na dare kawai. Minesota ta saki tata a 2017. A Teksas har gobe shagunan barasa mai ƙarfi a kulle suke ranar Lahadi, giya mai sauƙi kuwa sai ƙarfe goma na safe ake fara sayarwa, kafin 2021 ma sai sha biyu. Ku tambayi kanku: me ake yi da safiyar Lahadi da har doka take tsaron wannan lokaci? Ba sai an kira malamin duba ba. Lokacin coci ne.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. Tun a shekara ta 321 Sarkin Rum Konstantin ya ba da umarnin a huta ranar Lahadi a birane. Turawan Ingila da suka sauka a Bajiniya sun kafa doka a wajajen 1610: wanda ya ƙi zuwa coci ranar Lahadi, karo na farko a hana shi rabon abincinsa na mako, na biyu a ƙara masa da bulala, na uku kisa. Kisa fa! Daga wannan tsatson ne dokokin Lahadi suka fito, waɗanda Amurkawa ke kira "shuɗayen dokoki". Bayan an soke haramcin giya na ƙasa baki ɗaya a 1933, aka bar wa kowace jiha ta tsara nata, da yawa kuma suka riƙe Lahadinsu gam.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka yi wa dokar wanka aka sa mata sabuwar riga.

A 1961 maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka. An ci tarar wasu ma'aikatan kanti a jihar Meriland dala biyar-biyar saboda sun sayar da 'yan tarkace ranar Lahadi, har da abin wasan yara. Suka ce wannan ai dokar coci ce, kuma tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar wani addini. Kotu, a bakin babban alƙalinta Earl Warren, ta yarda cewa lallai asalin dokar addini ne, amma ta ce yanzu manufarta ta koma ba jama'a ranar hutu ɗaya. Shi ke nan, an wanke. Ranar hutun kuma sai ta dace daidai da ranar ibadar masu rinjaye. Biri dai ya yi kama da mutum.

A rana guda aka yanke wata shari'ar, wadda ita ce take tsaya mini a wuya. Wani ɗan kasuwa Bayahude a Filadelfiya, Abraham Braunfeld, ya ce addininsa ya hana shi buɗe shago daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar, doka kuma ta rufe masa Lahadi. Maƙwabcinsa Kirista yana ciniki kwana shida, shi kwana biyar. Ya roƙi a bar shi ya buɗe Lahadi. Kotu ta ce a'a. Wato ka zaɓa, ko ibadarka ko jarinka. Kuma duk wannan da sunan dokar da aka ce ba ruwanta da addini.

Kun ga illar ɓoye asali kenan. Da an fito fili an ce dokar Kirista ce, da Braunfeld yana da bakin cewa ni ba Kirista ba ne, a cire ni. Da aka ce ta kowa ce, sai aka toshe masa ƙofar kuka.

Sannan kada wani ya ɗauka tsoron Allah ne kaɗai ya raya dokar har zuwa zamaninmu. A Indiyanar nan, kafin 2018, ranar Lahadi kana iya shiga mashaya ka sha ka ƙoshi ka tuƙa mota zuwa gida, abin da aka hana shi ne ka saya ka tafi da shi ɗakinka. Wane irin tsoron Allah ne wannan? Kuma waɗanda suka fi kowa kare haramcin shekara da shekaru su ne masu shagunan barasar da kansu, don ba sa son biyan ma'aikata a rana ta bakwai suna gogayya da manyan kantuna. Da aka sasanta da su cewa sayar da giya mai sanyi zai ci gaba da zama a hannunsu, sai suka saki. Fasto yana wa'azi a gaba, mai barasa yana lissafi a baya, doka ɗaya ta ɗauke su duka.

To ga mai cewa Turawa sun kori addini: ba su kore shi ba, suna suka sauya masa. Je ka Jamus ranar Lahadi ka nemi kanti a buɗe, tsarin mulkinsu ne da kansa ya kare ranar. Mu ma nan Najeriya, hutun Lahadin da kake yi daga ina ka gada in ba daga Turawan mulki ba? Ka saba da shi ne har ka daina ganinsa. Ba na hana ka sukar abin da ake yi a Kano ko Zamfara, amma ka zo da hujjarka ta kanka, ka daina jingina da Amurkar da babu ita sai a kanka.

Ku kuma 'yan'uwa da na san kun fara murna za ku kwafe rubutun nan ku ce "kun gani, su ma suna yi", ku dakata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In har labarin Braunfeld ya taɓa zuciyarku, to ku sani kowace ƙasa tana da nata Braunfeld ɗin: wanda ba addininsa ba ne, amma shi ne dokar ke taka wa kasuwa. Ni ba na shan giya, ba na kuma fatan ɗana ya kusance ta. Amma na taɓa zama ɗan tsiraru, na san yadda ake ji in ana roƙon manaja awa ɗaya don sallar Juma'a alhali duk gari an ba shi Lahadi kyauta. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya yi wa wani ba.

Jama'a suna da haƙƙin su zuba abin da suka yi imani da shi a cikin dokarsu, wannan ban ja ba. Sharuɗɗana biyu ne: a kira dokar da sunanta na gaskiya, sannan a duba wanda take dannewa alhali bai yi imani da ita ba, a buɗe masa hanya. Amurka ta faɗi duka biyun a 1961. Mu fa?

Mai ja ya zo da hujja, ban da zagi. Allah Ya sa mu fi ƙarfin son zuciyarmu.