Kimiyya a Sauƙaƙe: Hanci Ba Ya Auna Guba

Darasinmu na wannan mako ya shafi wata magana da masu tallar tabar wiwi suke yi wa samari a tasha da bayan kasuwa, har a garuruwanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum. Suna cewa akwai "sabon iri" mai ƙamshin lemo ko mangwaro, wai shi mai tsabta ne, ba ya taɓa ƙwaƙwalwa irin tsohon. Bari mu auna maganar a ma'aunin kimiyya.

Ƙamshin tsirrai yana fitowa ne daga wasu sinadarai masu saurin tashi sama a iska, waɗanda masana ke kira tapin. Idan ka matse ɓawon lemo, abin da ya daki hancinka shi ne limonin. A cikin masoro da kanumfari akwai kariyofilin, a mangwaro kuma akwai mirsin. Waɗannan ukun duk ana samun su a ganyen wiwi. Shi kuwa warin nan mai naci da ke kama riga, a shekarar 2021 masu bincike a Amurka suka gano cewa wasu sinadarai masu ƙibiritu ne ke kawo shi, dangin waɗanda ke cikin tafarnuwa.

Sai dai abin da ke bugarwa wani sinadari ne daban, mai suna THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka bayyana tsarinsa a 1964. Shi THC kusan ba shi da ƙamshi. Saboda haka hanci zai iya gane lemo, amma ba zai gaya maka yawan THC da ke cikin ƙullin ba.

"Sabon iri" da ake magana a kai ana samun sa ne ta hanyar haɗa iri biyu, kamar yadda cibiyoyin noma ke haɗa irin masara ko gero. Bambancin shi ne, masu haɗa irin wiwi sun shafe shekaru suna zaɓen wanda ya fi THC, suna ƙara masa ƙamshi don ya ja mai saye. A Amurka, wiwin da hukuma ta kama a 1995 yana da THC kusan kashi 4 cikin ɗari. Zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12. Mai ƙamshin da ake yabo sau da yawa shi ne ya fi ƙarfi.

Me THC ke yi wa ɗalibi? Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. THC yana shiga sassan da ke riƙe karatu da mayar da hankali da yanke shawara. Shi ya sa mai sha zai karanta shafi guda sau uku bai riƙe ba. Kusan mutum ɗaya cikin shida da suka fara sha tun suna samari sukan kasa dainawa. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya nuna masu shan mai ƙarfi kullum sun ninka waɗanda ba sa sha kusan sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali.

Mu a yammacin Zamfara mun san guba marar wari. A 2010 gubar dalma daga aikin zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, daga baya aka gano ta yi tsanani a Bagega. Ba wanda ya ji warinta a ƙasar da yara ke wasa. Abin da ya haɗa wannan da darasinmu shi ne, tsiron wiwi yana cikin tsirrai masu zuƙo dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ƙasa. Mai saye bai san gonar da aka shuka shi ba, bai san maganin ƙwarin da aka fesa ba, bai san abin da aka gauraya a hanya ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a rahotonsa na 2018, ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 10.6 suna shan wiwi. Doka ta haramta nomanta da sayar da ita da shanta, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana gurfanar da masu yi a kotu.

Idan kana da aboki da ya fara, kada ka yi masa gori ko ka guje shi. Ka sanar da iyayensa ko malamin da kuka amince da shi tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana yin magani, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato yana karɓar irin waɗannan marasa lafiya.

Tambayar mako: ku kawo sunayen kayan ƙamshi uku na girkin gidanku, ku tambayi malamin kimiyya wane sinadari ne ke ba kowanne ƙamshinsa. Sai mun ji daga gare ku.