Ƙanƙarar Firiji da Ruwan Randa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wani yayi da ya shigo ƙasarmu wanda ya kamata mu dube shi da idon basira. Muna nufin firijin nan mai ƙofa biyu, wanda in ka danna kofi a jikinsa sai ruwan sanyi ko ƙanƙara su zubo. Ma'aikaci ya tara albashi, ɗan kasuwa ya sayar da hatsi, a ɗoro shi a mota daga birni har Saulawa, a girke shi inda baƙi za su gani. Mu ba mu ƙi ci gaba ba. Abin da muka ƙi shi ne sayen abin da ba mu san haƙƙinsa ba.

Wannan na'ura tana da sharuɗɗa. Na farko, tana son ruwan famfo mai ƙarfi da zai bi ta siririn bututu ya shiga cikinta. Na biyu, tana son wutar lantarki dare da rana, domin ɗakin ƙanƙararta ya zauna a ma'aunin sanyi 18 ƙasa da sifiri. Na uku, akwai matata a cikinta wadda masu ƙera ta suka ce a sauya duk bayan wata 6. To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: gida nawa ne a ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan zai cika waɗannan sharuɗɗa? In an ɗauke wuta ƙanƙara ta narke, in an kawo ta sake daskarewa ta toshe mazubi. Ruwan da ya daɗe a bututu ya canza ɗanɗano. Sabuwar matata kuwa sai an aika birni.

Amma asarar kuɗi ba ita ce babbar damuwarmu ba. Mutane da dama sun ɗauka duk abin da ya fito daga firiji tsarkakakke ne. Wannan kuskure ne mai kisa. Matatar gawayi ce, aikinta gyara ɗanɗano da wari, ba kashe ƙwayoyin cuta ba. Sanyi ma ba ya gamawa da su. Ƙwayar taifot da ta kwalara suna iya rayuwa cikin ƙanƙara, su farfaɗo a cikin kofin zoɓo. A shekarar 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Duk wanda ya ɗura wa na'ura ruwan buɗaɗɗiyar rijiya, ya miƙa wa mai azumi ƙanƙararta da magariba, bai san abin da ya shayar da shi ba.

Abin takaici, mu 'yan boko mu ne kan gaba wajen raina randa da tulu. Alhali kuwa iliminsu a littafinmu na sakandare yake: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Manomin tumatir a Ikara, wanda amfaninsa ke ruɓewa kafin ranar kasuwa, ya fi bukatar wannan tukunya bisa ga ƙanƙara mai zubowa daga ƙofa.

Saboda haka kiranmu biyu ne. Wanda ya riga ya saya, to ya ba na'urar haƙƙinta: ya haɗa ta da ruwa mai tsafta, ya sauya matata a kan kari, ya wanke mazubin ƙanƙara, ya zubar da wadda ta narke ta sake daskarewa. Mu kuma ɗalibai, in mun je hutu, mu gaya wa iyayenmu cewa tafasa ruwa ya fi sanyaya shi, mu tsaya tare da su wajen neman ruwan sha mai kyau ga kowa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane.