Tsakanin Gidan Mari da Asibitin Unguwa

A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Daura suka fito da mutum 67, cikinsu har da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa. An yi Allah wadai, an rufe gidan. Abin da ba a tsaya a kansa ba shi ne dalilin da ke sa iyaye su kai 'ya'yansu irin wannan wuri da hannunsu. Uban da ɗansa ya daina barci, ya daina magana, ya koma shan kodin, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga jama'a fiye da miliyan 200, manyan asibitocin wannan fanni kuwa suna Dawanau da Kaduna da Kware. Ga mutumin Baure ko Sandamu, wannan tafiya ce ta kuɗin mota da barin gona.

Ra'ayina shi ne a kawo maganin kusa, cikin asibitocin sha-ka-tafi da ake kai yara rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da tsananin fargaba na sahun gaba. Da yawa daga cikinsu abin da suka fi buƙata shi ne magani ta hanyar tattaunawa.

Wannan tattaunawa tana da tsari, ta bambanta da nasiha. Ana zama kamar sau biyar ko shida. Matashin ya zayyana abubuwan da suka cunkushe masa rai, a zaɓi guda ɗaya, ya tsara ƙaramin matakin da zai iya ɗauka kafin mako ya zagayo, ya dawo a duba yadda ta kaya. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna yin haka a kan benci a harabar asibiti, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna damuwar marasa lafiya ta ragu ƙwarai. Manya aka gwada a can, amma wani gwajin a makarantun birnin Delhi na Indiya, wanda ya fito a 2020, ya nuna 'yan sakandare ma suna amfana daga masu ba da shawara da ba likitoci ba. Ma'aikatan lafiya na matakin farko da muke da su za su iya koyon wannan.

Wahalar a Daura tana wani wuri dabam: kunya. Yarinya 'yar shekara 15 ba za ta ce tana cikin damuwa ba. Cewa za ta yi kanta na ciwo, gabanta na faɗuwa, sai a ba ta farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro ta koma gida. Uwarta na tsaye a kanta, ina za ta iya ambaton auren da ba ta so, ko jarrabawar da ta faɗi, ko zaman gidan da ya yi tsami? Balle ma'aikaciyar na iya kasancewa maƙwabciya, a garin da kowa ya san asalin kowa. Don haka horo kaɗai ba zai wadatar ba. Sai da ɗaki mai ƙofa, da mace ga 'yan mata, da riƙon amana mai hukunci ga wanda ya fitar da sirri. Magana ɗaya ta fita, ba wanda zai sake zuwa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin mai larura. Aiwatarwa a asibitin unguwa kuwa ta rataya kan gwamnatin Katsina da ƙananan hukumomi biyar na masarautar. Malaman ruƙya, waɗanda su ake fara kai wa yaro, ya kamata a jawo su a nuna musu lokacin da za su tura shi asibiti. Ma'aikacin ma a koya masa iyakarsa: matashin da ya fara zancen kashe kansa, ko yake jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, a miƙa shi ga likita a ranar.