Daga Ƙofar Wambai Zuwa Samaru: Wa Ke Riƙe Da Iyayen Irin Audugarmu?

Kwanakin baya na shiga kasuwar Ƙofar Wambai domin saya wa gwaggona zaren ɗinkin hula. Da na tambayi mai rumfar ko akwai na gida a cikin hajarsa, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai wannan tambaya ta tsufa." Maganar ta tsaya mini a rai, domin kuwa wannan shi ne birnin da Heinrich Barth ya tarar a 1851 ana ɗaukar tufafinsa har Tambutu da Tarabulus.

Mun saba ɗora laifin kan fasa-ƙwauri da rashin wutar lantarki da durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano, kuma duk gaskiya ne. Amma a ganina akwai wani ciwo tun daga gona, wato maganar iri.

Masana sun daɗe da gano cewa idan aka aurar da tsirrai biyu tsarkakakku waɗanda ba dangin juna na kusa ba, 'ya'yan farko kan fi iyayensu ƙarfi da yawan amfani. George Shull ya nuna haka da masara a Amurka a 1908. Bahaushe ma ya san abin a jikin alfadari, ɗan jaki da goɗiya, wanda juriyarsa ba ta buƙatar shaida. A 1970 Indiya ta fitar da H-4, auduga mai aure ta farko da ta shiga hannun manoma, aikin C.T. Patel a garin Surat.

Sai dai wannan ƙarfi yana da sharuɗɗa biyu. Na farko, ba kowane aure ke albarka ba. Sai masani ya shekara da shekaru yana gwada haɗi iri-iri, ya zaɓi uwa mai dogon gashi, alal misali, da uba mai jure fari ko cuta, kafin ya dace. Na biyu, ƙarfin a 'ya'yan farko yake cika. In manomi ya ajiye anguryarsu ya shuka baɗi, jikokin sai su rarrabu, wani dogo wani gajere, amfanin ya ragu. Ashe ke nan dole kowace damina a koma wurin mai riƙe da iyayen.

A 2018 Nijeriya ta amince da nau'i biyu na auduga mai aure na kamfanin Mahyco na Indiya, masu ɗauke da ƙwayar halittar Bt mai kashe tsutsa, bayan gwaji tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Muka yi ta cacar baki kan ƙwayar halittar, muka manta da tambayar da ta fi muhimmanci: iyayen na wane ne? Ba ni da jayayya da kamfanin da ya zuba dukiyarsa yake neman riba. Amma kayan aro ba ya rufe katara.

Samaru tana aiki tun 1922, kuma ita ta ba mu jerin irin SAMCOT da ya saba da yanayinmu. Ga iyaye nan a hannu. Abin da ya rage shi ne gwamnatocin jihohin auduga, musamman Katsina da Zamfara da Kano, su ware kuɗin bincike na dogon lokaci. A koya wa matasa aikin aurar da fure da hannu, wanda ke ciyar da ƙauyuka da dama a Indiya, a kuma yi amfani da filayen rani irin na Kadawa wajen yawaita iri.

Kada kuma mu ruɗu. Iri mai aure yana son taki da kulawa, ga tsada. Ƙaramin manomi a Funtuwa zai fi amfana da tsarkakakken SAMCOT a kan gaurayayyar anguryar da ke fitowa daga injin gurza. A tabbatar masa da wannan tukuna.

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In muna son zarenmu ya dawo rumfunan Ƙofar Wambai, to mu fara da mallakar barewar. Allah Ya sa mu dace.