Mai Son Kansila, Ka Zo Mana Da Lissafi

Ina roƙon iyayenmu su yi mini aikin gafara, domin yau yaro ne zai sa baki a maganar manya. Abin da ya sa kuwa shi ne, da yawa daga cikinmu 'yan ajin ƙarshe mun kusa cika shekara 18, watau ƙuri'a ta kusa zuwa hannunmu. To, kafin ta zo ya kamata mu san abin da za mu tambayi mai neman ta.

A ran 15 ga Fabrairu, 2025, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, aka zaɓi kansiloli 361, kowace mazaɓa da nata, har da tamu ta Kusa a Ƙaramar Hukumar Jibiya. Duk wanda ya taɓa ganin lokacin neman ƙuri'a ya san yadda akan yi. Mai takara yakan zo da makaɗa da maroƙa, ya ce zai kawo ruwa, zai kawo wuta, zai kawo hanya, har ma ya ce zai kori ɓarayin daji. Alhali kuwa kansila ba shi da soja, ba shi da injin yin kwalta. Abin da ke hannunsa shi ne kujera a majalisar da ke duba kasafin kuɗi, da bakin yin tambaya. Ni a ganina alkawari ɗaya ne ya isa ya ɗauka kuma ya cika: ya riƙa gaya mana nawa aka samu, me aka yi da su.

Kakana yakan ce a zamanin En'e mutum ya san zafin kuɗin hukuma, don kuwa daga aljihunsa suka fita. Ya biya haraji, Bafulatani ya biya jangali, kowa na riƙe da takardarsa. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi gyara a ƙasa baki ɗaya. A 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda muke cikinta har 1987. Talaka ya huta, madalla. Amma fa tun da mafi yawan kuɗin suka koma zuwa daga asusun tarayya, sai muka ɗauka kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Wannan shi ne kuskurenmu. Na mai tallan ƙosai ne, na ɗan dako ne, na malaminmu na firamare ne.

Ku dubi garinmu. Muna bakin iyaka, hanyar Maraɗi ta ratsa mu, ga kasuwar Jibiya da ke tara fatake daga ƙasashen biyu. Kuɗin kwastan na Gwamnatin Tarayya ne, wannan ba mu da ja. Amma tsarin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da kwashe shara, da magudanan ruwa. Mahaifina yakan biya kuɗin rumfa, a ba shi rasit, ya cusa a hula. Na tambaye shi ina suke tafiya, ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, wa zai tambaya?" To, ai don a sami mai tambayar aka yi kansila.

Kada wani ya ce magudanar ruwa ƙaramin abu ce. Wanda ya ga ambaliyar watan Yuli na 2018 a Jibiya, da rayukan da suka salwanta da gidajen da suka rushe cikin dare ɗaya, ba zai faɗi haka ba. Haka nan da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ciniki ya tsaya, kowa ya ji a jikinsa. Lokacin da abu ya yi kaɗan, lokacin ne ya fi kamata a ƙirga shi a gaban mutane.

Na san za a ce kansila ƙaramin ma'aikaci ne, kuɗi na sama. Akwai gaskiya a ciki, don an daɗe ana zuba rabon ƙananan hukumomi a asusun haɗin gwiwa da jiha. Sai dai ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su nasu kai tsaye. Ko ta wace hanya suka biyo dai, a rubuce suke. Idan kansila ya nema an hana shi, ya dawo ya shaida mana an hana shi. Wannan ma lissafi ne. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan jiharmu, ya bayyana wa duniya dukiyarsa a 2007 yana Shugaban Ƙasa, rawaninsa bai faɗi ba, balle kansila.

Mu ma da namu laifin. Wanda ya karɓi sabulu da taliya ran zaɓe, da wane baki zai nemi lissafi? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Saboda haka ga roƙona ga duk mai niyyar tsayawa a Kusa nan gaba, ko daga wace jam'iyya. Ya tsaya a ƙofar gidan mai unguwa ya yi alkawari cewa duk bayan wata uku zai tara jama'a ya karanta abin da aka samu da abin da aka kashe, da Hausa, ba da Turancin akawu ba. Ya manna takardar a bakin kasuwa da bangon makaranta. Idan an haƙa rijiya, a rubuta kuɗinta da sunan ɗan kwangila a jikinta. Mata da ba sa zuwa taro a aika musu ta wurin makarantun Islamiyya. Idan ya ce ba shi da mai rubutu, mu 'yan makaranta muna nan, kuma mun iya tarawa da ɗebewa. Alli da allo ma za mu roƙi Shugaban Makaranta ya ara mana.